Tabon Ruwa a Takardar Malam

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana, me ya sa marigayiya Gwaggo Kulu take kiran kowa a gidan nan da sunan da ta raɗa masa, ni kaɗai take ce wa "mai hoto", kamar wani baƙon da aka ɗauko ya ɗauki biki. Kun kuma sha yi mini dariya a kan hatimin da nake bugawa a bayan duk takardar da ta fito daga injina, mai cewa "Bugun inji ne, ba a sha." Nakan ce muku rigimar tsufa ce, tata da tawa. Ba haka ba ne. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni a gida, gara in rubuta muku abin da ya faru da hannuna, kada wata rana ku ji shi a bakin wani an rage ko an ƙara.

Kafin shekarar da zan ba ku labarinta, Gwaggo Kulu "Babana" take ce mini. Sunan mahaifinta na ci, Malam Abubakar, kakana, wanda ya taso daga Anka ya zauna a Gummi yana karantarwa, don haka bakinta ba ya iya kama sunana. Ita ƙanwar mahaifina ce, aure ya kai ta Gwashi ta ƙasar Bukkuyum, can ta tsufa, can mijinta ya rasu ya bar ta. Ba ta taɓa zuwa Gummi ba ta riƙo mini wani abu ba, ko ƙwan zabi ko ɗan man shanu a kwalba, har bayan na yi gemu na ajiye iyali. Ita ce ungozomar zuriyarmu kaf. Ƙanwata Hajo kuma Sani ɗan Gwaggo take aure, suna gida ɗaya da ita.

Malam ya bar littattafai, an raba. Amma akwai wata takarda guda ɗaya da ba a raba ba, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ayoyi ne da addu'o'i da ya rubuta da tawadarsa. Ta tsufa har mahaifina ya manna mata wata takardar a baya da ƙaro don kada ta rabe, shi ya sa ta yi kauri. A cikin wata tsohuwar gafaka take, a ɗakin mahaifina. Na sha ganinta ina yaro. Kusurwarta ta ƙasa ta koɗe, rubutun wurin ya dusashe, ga tabon ruwa layi-layi a kai. Ni a zatona ɗaki ne ya taɓa yoyo a kanta, ban taɓa tambayar kowa ba.

Da mahaifina ya rasu, bayan sadakar arba'in, ƙanensa Baba Ummaru ya ɗauki gafakar ya kai ɗakinsa. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba. A zaure aka yi, ina zaune.

Baba Ummaru ya ce, "Takardam Malam ba ta hita gidanga. Nan yab bar ta, nan za ta zamna."

Gwaggo ta ce, "Ummaru, kai aje ta kakai. Ni aiki nikai da ita."

"Wane aiki?"

"Ba na hwaɗi gaban maza ba na."

Ya ce to tunda ba ya faɗuwa, ba aiki ba ne. Ta tashi ta yafa mayafinta, ta koma Gwashi ko sallama ba ta yi masa ba. Wata biyar ba su gaisa ba. Ni ne mai kai saƙo tsakaninsu, don nakan bi ƙauyukan Bukkuyum ɗaukar biki da suna, kuma kowannensu sai ya zaunar da ni ya juye mini laifin ɗan'uwansa. Abin ya dame ni ƙwarai, ina son su duka biyun.

A shekarar ne na sayo babban inji. Ku kun taso kun gan shi ya tsufa a lungu, amma ranar da ya iso Gummi a bayan a-kori-kura, mutum huɗu suka sauke shi, rabin layinmu ya fito kallo. Firinta ce ta hannu da na samo a Kano, tsawonta ya kai gadon mutum ɗaya, tana buga hoton da ya kai ƙofar ɗaki. Don hotunan angwaye da fastocin 'yan takara na saye ta. Wanda ya sayar mini ya haɗa mini da wani faffaɗan kwali da ya rasa yadda zai yi da shi, ya ce takarda ce ta masu zane, ta auduga, ba mai sayenta don ba ta ƙyalli. Gaskiyarsa. Mutanenmu in hoto bai yi sheƙi ba sai su ce bai wanku ba. Ni kuwa tun da na shafa ta na ji ta kwanta mini. Kauri gare ta, ga laushi kamar sabon farin ƙyalle, kuma in ka buga abu a kanta tawadar takan shige ciki ta zauna, ba ta tsayawa a sama tana walƙiya.

Ta ba ni wuya kafin ta yarda da ni. Tana da fuska tana da baya, kuma ido ba ya rabe su. Sai ka ɗan jiƙa yatsa ka taɓa gefe, ɓangaren da ya kama yatsan shi ne fuska. Na farko a baya na buga, ya fito kamar an yi ɓarin miya. Ba ta son maiƙon hannu, ko ɗan man da ka shafa da safe sai ya fito a kanta, don haka a gefe ake riƙonta. Kafin a sa ta sai an share ta da buroshi mai laushi, in ba haka ba ɗan zaren audugar da ya kwanta a kai zai sha tawada, daga baya ya faɗi ya bar farin ɗigo a tsakiyar goshin mutum. Ta bayan injin ake zura ta, ɗaya-ɗaya, a ɗaga kan injin don kada ya goge ta. In ta fito kuma a shimfiɗe ta kwana guda ba a taɓa ba. Ga janareto, wanda in ya yi tari a tsakiyar aiki, takarda guda ta tafi. Tawadar da injin ya zo da ita ba ta daɗe ba ta ƙare, na koma sayen ta kwalba ina ɗura masa da sirinji. Duk wannan ni kaɗai na koya wa kaina, kuma kaina ya kumbura da shi fiye da yadda ya kamata.

Wata rana na buga hoton wani tsohon rasit don gwaji, na ajiye a kan tebur kusa da na ainihin. Da na dawo daga salla sai na kasa gane wanne ne wanne. A tsaye a wurin dabarar ta zo mini, kuma wallahi a lokacin ji na yi kamar alheri ne Allah ya nufe ni da shi.

Na je na ce wa Baba Ummaru ya ara mini takardar kwana biyu in ɗauki hotonta in kai wa Gwaggo, ko ta haƙura da hoton. Ya ba ni. Na ɗauke ta a hasken safiya, na sa a kwamfuta, na zauna a kanta kamar mai ɗinkin hula. Launin tsohuwar takarda ba fari ba ne, ba rawaya ba ne, kuma baƙin tawadar Malam ya juya ya yi ja-ja don tsufa. Injin ba shi da wannan launin, sai ya haɗa ja da rawaya da shuɗi da baƙi ya fitar da shi. Na jera guda shida a kan babban falle ɗaya, kowacce da ɗan bambancin launi, na buga, na jira ta kwana, na zaɓi wadda ta fi kama. Na yage gefenta da hannu yadda na ainihin ya cinye. Na shafa wa bayanta ruwan shayi, na rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, na sa ta cikin wata tsohuwar gafaka da na samo a kasuwa. Har tabon ruwan nan na buga, layi-layi, ban bar ko ɗaya ba. Na ɓata rabin yini ina gyara shi ya fito daidai, amma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya kawo shi ba.

Na mayar wa Baba Ummaru tasa, na ce Gwaggo ta haƙura da hoto. Na kai wa Gwaggo tawa, na ce Baba Ummaru ya sauko, ya ce a kawo mata takardar Malam. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Idonta ya riga ya fara rauni a lokacin. Ta ɗora ta a goshi, hawaye na zuba.

Ta ce, "Babana, kai kag gyara zumuncin ga. Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin, ban ji ko ɗar ba. Ta aika wa Baba Ummaru da zabi biyu, shi kuma ya aika mata da turmin atamfa, kowanne yana ganin ɗayan ne ya sauko, kuma kunya ta hana su ta da maganar. Da sallar layya suka gaisa suna dariya. Ni kuwa ina gefe ina jin duk Gummi babu mai wayona.

Damina ta sauka, ta yi nisa. Hajo tana da tsohon ciki, na biyu. Haihuwarta ta fari a gidanmu ta yi, kwana biyu tana abu ɗaya, har an fara fid da rai, don haka wannan karon kowa a tsorace yake ko da ba a faɗa ba. Wata ranar kasuwa da hantsi na shiga gaida Inna, mahaifiyata, na tarar tana tsince wake a faifai.

Ta ce, "Hajo ta hwara tun da asuba. Wani mutumin Gwashi da yaz zaka kasuwa shi yab biyo ya hwaɗa man."

Na ce Allah ya raba lafiya. Ta ce amin, ta ci gaba da tsintarta.

"Ni hankalina kwance shike, tunda takardam Malam tana hannun Kulu."

Gwaggo ce ta gaya mata haka da salla, a ɗaki, ita ma ba ta ta da maganar da kowa ba.

Na ce, "Inna, mi takarda za ta yi mata?"

Ta ɗago ta dube ni, ta yi 'yar dariya.

"Kai dai namiji na. Kana zaton ruwan sama yat taɓa kusurwag ga? Tsoma ta akai cikin ƙwarya, a ba mai naƙuda ta sha. Dud ɗiyan gidanga da ruwanta anka haihe su. Kai ma haka."

Ban san yadda na fita daga gidan ba. Na san dai na tsinci kaina a shago ina neman sauran guda biyar ɗin da ban jefar ba. Na yagi kusurwar ɗaya, na tsoma a kofin ruwa. Ban ƙirga goma ba ja ya fara sauka daga cikin rubutun, siriri, yana murɗawa, shuɗi ya biyo shi, ruwan ya koma kamar an wanke wuƙar yanka a ciki. Na ɗauko kwalbar tawadar na juya bayanta. Na sha ganin rubutun Turancin da ke wurin ban taɓa karantawa ba. Ya ce kada a sha, a nisanta da yara, in an haɗiye a nemi likita. Sai na tuna kazar maƙwabcina da ta sha ragowar tawada a gwangwani bayan shago watanni biyu da suka wuce, aka tsince ta a mace. Ban san ko tawadar ce ta kashe ta ba, har yau ban sani ba, amma a lokacin ba abin da nake gani sai ƙafafunta a sama. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na zauna a ƙasa kusa da injin.

Gwashi ba a samun waya a lokacin. Ba wanda zan aika ya riga ni isa. Na ta da babur, har na kama hanya, sai na tsaya. In na je hannu rabbana na ce kada a ba ta ruwan, me za a ba ta? Mace tana tsakanin rai da mutuwa, ta san da wannan ruwan aka haife ta, da shi ta tsira a haihuwar fari, in ce mata babu? Takardar gaskiya tana ɗakin Baba Ummaru, kuma ba yadda zan karɓo ta sai na faɗi abin da na yi. Na yi tunanin wata ƙaryar, kunya ce in faɗa muku amma na yi. Ba ta zo ba. Na juya babur.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya. Na durƙusa na faɗa masa duka, a gurguje. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

Ya ce, "Ashe zabin da nic ci na ƙarya na."

Ya shiga ciki ya fito da gafakar ya miƙo mini.

"Tahi. In wani abu ya samu yarinyag ga, ni da kai munka yi shi. Ta hwaɗa man aiki takai da ita, ban ji ba."

Na naɗe gafakar a leda, na cusa cikin riga, na kama hanya. Ku da kuka san hanyar yanzu ba za ku gane yadda take a damina a wancan lokacin ba. Daga inda kwalta ta ƙare laka ce da kwazazzabai. Na faɗi sau biyu, gwiwar nan da ke damuna yau a ranar ta fara. Ban ji zafinta ba. Abin da nake ji kawai shi ne lissafin da ke kaina: ta fara da asuba, yanzu rana ta take tsaka, yaushe Gwaggo take tsomawa, da fari ko sai abu ya yi tsanani? Ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Ina tafe ina ganin Hajo tana ƙarama, tana biyo ni makarantar allo da kwanon fura a ka, ita da take tsoron ko allura. Ina ganin ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu ta yi bisimilla ta shanye, don yayanta ne ya kawo takardar. Na roƙi Allah da duk addu'ar da na sani, har na koma ina maimaita kalma ɗaya.

Na isa gulbi na tarar ya kawo, kwalekwalen yana can tsallake ana loda masa buhuna. Na tsaya a bakin ruwa ina ɗaga hannu ina kira. Mai jirgin bai yi sauri ba, ba shi da dalilin yi. Wani dattijon Bafulatani da ke jira da 'yan tumakinsa ya dube ni ya ce lafiya, na ce ƙanwata ce ke naƙuda. Ya ce ai ba a gudu don naƙuda, mata sun san aikinsu. Na koma ɗaga wa mai jirgin hannu. Wannan jiran bai fi rabin awa ba, amma ban taɓa yin wanda ya fi shi tsawo ba.

Da na doshi gidan, azahar ta wuce, sai na kashe babur daga nesa na kasa kunne. Kukan mutuwa nake saurare. Ban ji ba. Maza suna zaune a gindin bishiya a ƙofar gida, Sani a cikinsu ya haɗa kai da gwiwa. Ya taso zai gaishe ni, na wuce shi na faɗa cikin gida, laka har wuya. Mata suka hau salati suna cewa in fita, namiji ba ya shiga yanzu. Na ce Gwaggo nake nema. Ina jiyo nishin Hajo daga ɗaki, na gode wa Allah da ko nishin ne.

Gwaggo ta ɗaga labule ta fito. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja ni bayan rumbu inda ba kowa.

Na ce, "Gwaggo, Hajo ta sha?"

"Ta sha ruwa."

"Wane ruwa?"

"Na randa."

Sai a lokacin na dubi bakinta. Leɓɓanta sun yi wani irin ja mai duhu, ba na goro ba, har da ɗan layi a haɓarta. Yatsunta ma haka. Ta yi ƙasa da murya, kuma a karon farko a rayuwata na ga tsoro a fuskar wannan matar.

"Babana, shekara arba'in ina tsoma takardag ga. Ruwanta baƙi-baƙi na, ɗanɗanon ƙaro garai. Yau nit tsoma, sai ga ja, awa an yanka kaza. Nic ce jinin Hajo na anka gwada man. Niy yi maza nij juya baya kar ta gani. Niɗ ɗebo na randa, nis sa ɗan gawayi, niy yi bisimilla nib ba ta, nic ce na Malam na."

Na riga na san amsar, amma na tambaya.

"Wancan ruwan hwa?"

"Ina za ni zuba shi? Sunan Allah na ciki, a taka? Shanyewa niy yi. In mutuwa ta taz zaka gidanga, gara ta ishe ni, na ci zamanina."

Ita ba ta san komai ba. Ba ta zargi takardar ba, ba ta zarge ni ba. Ta ɗauka ajalin surukarta ne aka nuna mata, ta ɗaga ƙwaryar ta shanye shi. Na zube a gabanta cikin taɓo, na ciro gafakar daga rigata, na faɗa mata abin da na yi, tun daga takardar auduga har ruwan shayi da hayaƙin madafa. Na ce mata abin da ta sha tawadar inji ce, an rubuta a kwalbar ba a sha, ta zo in kai ta asibiti a Bukkuyum yanzu. Ina magana ina kuka, ni mai 'ya'ya uku a lokacin.

Ta miƙo hannu. Ta karɓi gafakar ta buɗe, ta shinshina takardar, ta taɓa kusurwar da harshenta. Ta juya ta koma ɗakin Hajo da ita a hannu.

Na fito na zauna cikin maza. Ba wanda ya san me ke cina, suna ta ba ni haƙuri a kan Hajo, alhali tsorona ya rabu biyu. Duk motsin da na ji a cikin gida sai in ce Gwaggo ce ta faɗi. In ta faɗi, wa zai karɓi haihuwar? Na roƙi Sani ya aika rugar da ke bayan gari a samo madara, na ce tsohuwa ta gaji, a ba ta. Aka yi la'asar, ban san me na karanta a sallar ba. Rana ta yi sanyi, inuwar bishiyar ta kai bangon gida, sannan muka ji kukan jariri. Mace ce. Ita ce Kulu ƙarama da kuka sani, wadda take koyarwa a Anka yanzu.

Gwaggo ba ta yarda ta zauna ba sai da ta yanke cibiya, ta wanke jaririya, ta ga an gyara Hajo. Sannan ta zaga bayan gida ta yi ta amai. Kwana biyu tana kwance, cikinta na murɗa, ba ta cin komai sai madara. Na yi roƙon duniya ta bar ni in kai ta asibiti, ta ƙi, ta ce in an tambaye ta me ta sha, me za ta ce? Matan gida suka ce gajiya ce da tsufa. Ni na zauna a ƙofar ɗakinta kwana biyun nan ina ƙirga numfashinta. Daga baya na tambayi wani ma'aikacin lafiya a Gummi, ban faɗi suna ba, ya ce mai yiwuwa abin da ke kusurwar takarda bai kai ya yi kisa ba. Mai yiwuwa. Ni dai na san abin da na gani, kuma na san ita lokacin da ta ɗaga ƙwaryar ba ta da wannan labarin.

Rana ta uku ta tashi ta sha kunu. Da na zo yin sallama na same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, jaririyar a cinyarta. Ta sa hannu ƙarƙashin tabarmar ta ciro takardata ta miƙo mini. Kusurwarta ta wanke fes, fara tas kamar ranar da na ciro ta daga kwali. Ita ce wadda ke rataye a bayan teburina a shago, wadda kuke cewa me ya sa ban sake buga mai kyau ba. Ta gaskiyar kuwa a Gwashi ta zauna, Baba Ummaru bai ƙara tambayarta ba. Gwaggo ta rayu shekara tara bayan wannan, ba ta gaya wa kowa ba, Hajo ma ba ta sani ba sai in ta karanta wannan.

Na karɓi takardar ina durƙushe, na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Tambaya guda za ni yi ma. Abin da kab buga, ayoyin Malam na, ko ka canza wani abu?"

Na ce, "Su na, Gwaggo. Ko harahi guda ban taɓa ba."

Ta gyaɗa kai.

"To ban yi kuskure ba da nis sha. Na yahe ma."

Na ji wani sanyi ya sauko mini. Na miƙe, na tsaya ina jiran ta sa mini albarka yadda ta saba, da sunan da take kirana tun ina cikin zanen goyo. Ta gyara wa jaririyar hula, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Sauka lahiya, mai hoto."